Kafintan da ya tsara mana ƙarƙashin ɗakin shan iska a Minneapolis

Da muka yanke shawarar gina ɗan ɗakin shan iska a bayan gidanmu da ke Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, tare da dandamalin katako a gabansa inda za a zauna lokacin bazara, 'yan kwangila uku muka kira. Biyu sun fara da nuna mana hotunan fenti da irin katakon da za a shimfiɗa a sama. Na ukun, wani dattijon kafinta mai aiki da yara biyu, ya durƙusa ya tona ƙasar da hannunsa, ya tambaye ni inda ruwan sama yake kwanciya, sannan ya ce ba zai faɗi farashi ba sai ya zana abin da zai ɗauki nauyin ginin. Shi muka ba aikin, kuma a kansa nake wannan sharhi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya raba lissafin ɗakin da na dandamalin. Ya bayyana mini cewa dokar gini tana son dandamali ya ɗauki nauyin laba 40 a kan kowace ƙafa murabba'i, amma ɗaki yana da bango da rufi, ga dusar ƙanƙara da ke taruwa a kansa watanni, saboda haka ginshiƙan da ke ƙarƙashinsa dole su fi faɗi. Kafin a soka shebur ya kira lambar 811, aka zo aka shata inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Ramukan kankare kuwa ya kai su zurfin inci 42, wanda shi ne ƙa'ida a kudancin Minnesota, domin ƙasar da ta daskare tana kumbura ta ɗaga duk ginshiƙin da bai wuce iyakar sanyin ba. Na tsaya a wurin ranar da jami'in duba gini ya zura ma'auninsa cikin kowane rami kafin a zuba kankare.

Katakan giciye, waɗanda suke yin irin aikin da azara ke yi a rufin soro, ya jera su da tazarar inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya. Kowane katako sai ya ɗaga shi ya leƙa tsawonsa da ido ɗaya, ya gano ɓangaren da ya ɗan yi doro, ya sa masa alama da fensir, ya juya doron sama don nauyi ya miƙar da shi. A ƙarƙashin ɗakin ya shimfiɗa filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, da gam da ƙusa, shi ya sa har yau ba ya ƙara idan an taka. A dandamalin kuma ya bar 'yar kafa tsakanin katakan don ruwa ya wuce.

Ya fi tsaurarawa a batun ƙarfe da ruwa. Tun ƙarshen 2003 aka daina sayar wa gidaje katakon da aka jiƙa da magani mai gubar arsenik a Amurka, kuma magungunan da suka maye gurbinsa suna da jan ƙarfe da yawa, wanda ke cinye ƙusa ta yau da kullum. Don haka bai yarda da wata ƙusa ba sai wadda aka tsoma a narkakken zinki. Ya sa kwano ya rufe duk mahaɗar katako da bango, yana tuna mini barandar da ta rufta a birnin Berkeley na jihar California a 2015 ta hallaka mutum shida, saboda ruwa ya ruɓar da katakan da ke riƙe da ita.

Inda ya gaza shi ne cika alkawarin lokaci. Ya ce mako uku, aikin ya ci kusan shida, kuma sau da yawa sai na kira shi sau biyu kafin ya amsa, abin da ya sosa mini rai ƙwarai ganin bazarar nan gajera ce. Kuɗinsa ma ya fi na sauran biyun. Duk da haka hunturu biyu sun wuce, ƙofar ɗakin tana rufuwa daidai kamar ranar farko, kuma maƙwabcinmu ya riga ya karɓi lambarsa a wurina.