Ikon admin a zauren WhatsApp: inda manhajar ta kyauta da inda ta gaza

A Katsina yanzu da wuya ka samu ƙungiyar 'yan kasuwa, kwamitin masallaci ko tsofaffin ɗalibai da ba su da zauren WhatsApp. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kusan unguwa guda ke nan, don haka ikon da aka damƙa wa admin ba ƙarami ba ne.

Wajen tsaron ƙofa manhajar ta yi ƙoƙari. Admin na iya kunna tantance sababbin shiga, ta yadda ko mahaɗin gayyata ya yi yawo daga Ƙofar Ƙaura har Jibiya, ba mai shigowa sai da yardarsa. In mahaɗin ya faɗa hannun ɓata-gari, sai ya sabunta shi, tsohon ya mutu nan take. Yana kuma iya kulle bakin kowa lokacin sanarwa, ya goge saƙon wani ga kowa da kowa cikin kimanin kwana biyu. Gogewar na nuna sunan admin ɗin da ya yi ta, kuma wannan adalci ne, don kada a yi zargin ɓoye.

Sai dai gogewa ba ta mayar da abin da aka riga aka ɗauka hoto aka tura gaba. Jita-jitar hari ko ƙazafi minti goma ya ishe su bazuwa, alhali dokar laifukan intanet ta 2015 na nan. Zauren da admin ɗinsa ke leƙawa sau ɗaya a rana yana cikin haɗari.

Babban gibin yana kan layin admin kansa. Ɗan damfara zai kira da ladabi, "Ranka ya daɗe, akwai taron ƙungiya yau da dare, karanto min lambobi shidan da suka shigo maka." Lambobin nan su ne mabuɗin shiga asusun WhatsApp, don haka da an karanta, asusun ya tafi, sai ɗan damfarar ya tsige sauran admin ya fara roƙon kuɗi da sunan mai layin. Maganinsa kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai layin kaɗai ya sani, abin da ya kamata a ce kamfanin ya wajabta wa duk mai riƙe da zaure, amma ya bar shi ganin dama.

Wani abin takaicin, wanda ya buɗe zaure ba ya tsiguwa, ko da ƙungiya ta sauke shi daga shugabanci. In kuma admin ɗaya tilo ya fita, manhajar ce ke naɗa wanda ta ga dama. Shi ya sa ya fi kyau a buɗe da layin ƙungiya, a naɗa aƙalla mutum uku, a rubuta dokokin zaure a wurin bayaninsa tun ranar farko.