Sabuwar laftof mai araha ko tsohuwar ta ofis: amsa ga mai neman ta gida

Ɗan'uwa, ka ce kana neman laftof ta amfanin gida, wadda yara za su yi aikin makaranta a kanta, uwargida ta yi kiran bidiyo, kai kuma ka yi rubuce-rubuce da ɗan lissafi a Excel. Ka ce kuɗin hannunka ya tsayar da kai tsakanin biyu: sabuwa dal mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Celeron N4020 da RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ke buɗe) 4GB da ma'ajiya 64GB, da kuma ta hannu ƙirar Lenovo ThinkPad T480 mai Core i5-8250U da RAM 8GB da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD 256GB. Ra'ayina shi ne ta hannun ta fi dacewa da gidanka, amma da sharuɗɗa, domin sabuwar ma tana da inda ta yi mata fintinkau.

Masu sayarwa sukan fara maganar firosesa, to mu ma mu fara daga can. Celeron N4020 ƙwayoyin aiki biyu gare ta, an kuma ƙera ta ne domin ta ci wuta kaɗan, kimanin wat 6, shi ya sa yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su da fanka kuma ba a jin motsinsu. Ita kuwa i5-8250U, wadda Intel ya fitar a 2017, ƙwayoyi huɗu gare ta, kowace tana iya riƙe layin aiki biyu a lokaci guda. Ko da yake ta girmi Celeron ɗin da shekara biyu, ta ninka ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sabuntar kwali ba ta nufin sabuntar ƙarfi. Kamfanoni suna saka firosesa mai rauni a sabon jiki ne domin farashi ya sauko.

Inda bambancin zai fi damunka kullum shi ne RAM da ma'ajiya. Windows 11 da kanta, kafin ka buɗe komai, tana cinye fiye da rabin 4GB. Ka ɗauka yaro ya buɗe shafuka shida a burauza, yana da Word a gefe, sai aka kira shi darasi ta Zoom: a nan ne kibiyar linzami za ta fara tsalle-tsalle, harafi ya riƙa fitowa bayan an daɗe da danna shi, murya ta riƙa yankewa. Abin da ya fi muni shi ne a irin waɗannan sababbin masu araha galibi an liƙe RAM ɗin a jikin allon ciki, ba a cirewa ba a ƙarawa, yadda ka saya haka za ka zauna da ita har ta mutu. T480 kuwa gurbin RAM biyu gare ta, idan hali ya samu badi sai a kwance murfin ƙasa a ƙara wani 8GB ta koma 16GB.

Ita ma ma'ajiyar 64GB ɗin ka lura da sunanta a takarda. Kusan kullum eMMC ce, wato ’yar'uwar katin ajiya na waya, ba SSD ta gaskiya ba, kuma ita ma a liƙe take. Bayan Windows da sabunta-manhajarta sun ɗauki kusan rabin wurin, abin da ya rage ba zai daɗe ba hotunan iyali da bidiyon darasi za su cika shi, har wata rana babbar sabuntawa ta ƙi shiga saboda ƙarancin fili. SSD 256GB ta fi sauri, ta fi yalwa, kuma ana iya musanya ta da babba.

A wajen jiki ba sai an ja magana ba. An ƙera jerin ThinkPad T, da Dell Latitude, da HP EliteBook ne domin ma'aikatan da ke yawo da su kullum, saboda haka mahaɗin murfinsu ya fi ƙwari, madannansu sun fi daɗin rubutu, kayan gyaransu kuma suna da yawa. Sai dai ka tambayi sikirin, domin T480 ta zo iri-iri: akwai mai 1920×1080 ta IPS wadda ake gani sarai ta kowane gefe, akwai kuma mai 1366×768 wadda launinta ke dusashewa da zarar ka ɗan karkata kai. Sabuwar mai araha ma yawanci wannan ta biyun take da ita, don haka idan ta hannun ta zo da ita, sun yi kunnen doki a nan.

To, ina sabuwar ta fi? Batir da garanti. Batirin lithium yana tsufa da yawan caji da zafi, kuma kwamfutar da ta fito a 2018 ta sha caji ba adadi. T480 a mafi yawan lokuta tana da batir biyu, na ciki da na waje mai cirewa, to amma duka biyun suna iya zama sun gaji. Kada ka yarda da cewar mai sayarwa wai tana riƙe caji. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a gabansa ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai kashi 70 cikin ɗari na asali ba, ka sa kuɗin sabon batir cikin lissafinka tun kafin ciniki ya faɗa. Sabuwar kuwa batirinta sabo ne, firosesarta ba ta cin wuta, tana kuma zuwa da garantin kamfani, galibi na shekara guda. Ga wanda ba ya son zirga-zirgar wurin mai gyara, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ce.

Akwai wata gaɓa da ta sa na yarda da wannan T480 ɗin musamman, ba kowace ta hannu ba. Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro na cikin kwamfuta, kuma idan firosesar Intel Core ce, daga tsara ta takwas zuwa sama. A waɗannan misalan, lambar farko bayan i5 ita ke nuna tsarar: 8250U ta takwas ce, ta tsallake, 7200U ko 6300U kuwa ba su shiga ba, komai kyan jikinsu. Da T470 aka nuna maka, wato ƙirar da ta gabace ta mai firosesar da ba ta kai tsara ta takwas ba, da amsata ta sauya.

Hatsarin ta hannu na ƙarshe na taɓa ɗanɗana shi da kaina. Na sayi wata da ta fito daga wani ofis, komai lafiya, sai ranar da na so sauya tsarin kunnawa na tarar da BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, a kulle da kalmar sirrin da mai sayarwar ma bai sani ba, kuma a irin waɗannan kwamfutoci cire ƙaramin batirin allon ciki ba ya goge ta. Saboda haka ka danna F1 lokacin da ThinkPad ɗin ke tashi don shiga BIOS, ka tabbatar kana iya sauya saiti ka adana. Ka gwada kowane madanni, da kyamara, da makirufo, da duk ramukan USB, ka kuma nemi a ba ka ’yan kwanaki na gwaji a rubuce.

Idan mai sayarwa ya ƙi wannan gwajin, ko kuwa zuciyarka ta fi natsuwa da sabuwa, ka ɗan jinkirta ka ƙara kuɗi ka nemi mai Intel N100, wadda ta fito a 2023 da ƙwayoyi huɗu, ko mai firosesar AMD Ryzen 3, muddin tana da RAM 8GB da SSD ta gaskiya mai aƙalla 256GB.