Toastmasters, ra'ayina ga masu son iya magana a wurin aiki

Duk wanda aikinsa ya haɗa da tsayawa gaban mutane ya shawo kansu, a ofis ne ko a ƙungiya, ya kamata ya leƙa zaman Toastmasters ko sau ɗaya ne, tunda yawanci baƙo ba ya biyan ko sisi. Tsohuwar ƙungiya ce ta koyon magana a gaban jama'a, wani Ba'amurke Ralph Smedley ya kafa ta a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya, yanzu tana da rassa a ƙasashe sama da 100, har da nan Abuja inda nake zuwa.

Ba lacca ake yi ba fa, babu malami babu ɗalibi, kowa da aikin da aka ɗora masa ranar. Akwai mai riƙe da agogo da kati uku, jawabi yawanci minti 5 zuwa 7 ne, a minti 5 ya ɗaga kore, a 6 ruwan ɗorawa, a 7 ja, kana ganin ja to malam nemi hanyar sauka. Wani kuma aikinsa kawai ya ƙirga sau nawa ka ce "am" ko "eh" a tsakiyar magana, a ƙarshe ya karanto gaban kowa, wallahi ranar farko sai ka ji kaman ƙasa ta tsage ka shige. Sai Table Topics, a jefo maka tambaya ba shiri ka yi minti 1 zuwa 2 a kai, irin dai yanda oga ke juyowa a mitin ya ce to kai me ka gani.

Amma ni abin da ya fi min amfani shi ne gyaran da ake yi bayan jawabi. Mutum ɗaya zai tashi ya yi minti 2 zuwa 3 a kan abin da ka faɗa, ya fara da inda ka yi kyau, ya kawo abu ɗaya ko biyu da za ka gyara, kuma dole ya faɗi yanda za a gyara ɗin, ba wai ya ce bai yi ba ya koma ya zauna. Mu a ofisoshinmu ai hanya biyu muka sani, ko a yi maka shiru a koma bayan idonka ana gulma, ko a wanke ka tas gaban na ƙasa da kai. Tunda na fara yi wa yaran sashenmu irin wannan gyaran suka daina ɓoye min aikin da ya lalace, da kansu suke kawowa tun da wuri.

Shugabancin ma ana taɓawa, don mambobi ne ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, ba albashi, kuma waɗanda kake jagoranta ba ka da takardar gargaɗin da za ka ba su, in ba ka iya lallashi ba ranar zama za ka ga kujeru wayam. Cikin manhajarsu ta Pathways akwai layin Persuasive Influence, wato na koyon shawo kan mutane, shi na ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi, da dala ake lissafin kuɗin mamba duk wata 6, ga yanda naira ta koma, ƙaramin ma'aikaci sai ya yi tunani. Zaman namu kuma da Turanci ne, wanda Turancinsa bai zauna ba zai sha fama da abu biyu lokaci guda. Sannan kar ka ɗauka jawabi mai daɗi shi kaɗai zai sa a amince da shawararka a wurin aiki, a nan gida sai ka bi manya ɗaya bayan ɗaya ka gaishe su ka ji ta bakinsu kafin ranar mitin, wannan ba a kati mai launi ake koyonsa ba.

In za ka shiga ka fara zuwa a matsayin baƙo, ka gwada reshe fiye da ɗaya in da hali, ka duba ko masu gyaran da gaske suke ko yabon juna kawai ake yi, sannan ka cire kuɗinka.