Sati 12 ina shafa adapalene: abin da na gani a fuskata

Tun ina shekara 15 kurajen fuska suka fara mini, kowa yana cewa na balaga ne, za su tafi da kansu. Na kai 27 ba su tafi ba. Sun dai sauko daga goshi sun tare a haɓa da gefen muƙamuƙi, kuma duk wata, kwana kaɗan kafin al'adata ta zo, sai biyu ko uku masu zurfi su taso, irin waɗanda ko matashin kai ya taɓa sai na ji zafi. Kowanne ya mutu sai ya bar baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba. Tabon ma ya fi damuna a kan ƙurjin.

Likitar fata ce ta rubuta mini adapalene mai ƙarfin 0.1%, bayan ta haska fuskata ta tambayi abin da nake shafawa. Na miƙa mata wani mai da aka ba ni wai yana goge tabo. Ta karanta jikin kwalin, ta nuna mini kalmar clobetasol. Ta ce sitiroid ne mai ƙarfi, yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, daga baya ya sirantar da fata, ya kuma fito da wasu kurajen nasa. Na yi kusan shekara ina shafa shi a kan rashin sani, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Bayanin da ta yi mini shi ya sa na fahimci maganin. Ƙurji yana fara haɗuwa ne a ƙarƙashin fata makonni kafin ido ya gan shi. Maiƙo da matacciyar fata su toshe ramin gashi, sai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, Cutibacterium acnes, ta samu wurin hayayyafa, daga nan kumburi ya biyo. Adapalene dangin bitamin A ne, aikinsa hana toshewar tun daga tushe. Saboda haka ba a kan ƙurjin da ya fito ake ɗiga shi ba, duk fuskar ake shafewa da dare, a kauce wa ido da leɓe da lungun hanci. Ba sabon abu ba ne: a Amurka an amince da shi tun 1996, a 2016 kuma aka yarda a sayar da mai ƙarfin 0.1% ba tare da takardar likita ba.

Ruwa-ruwa ne mara ƙamshi, ba ya danƙo, yana shiga fata nan da nan. Wannan sauƙin ne ya ruɗe ni. An ce in fara da dare uku a sati, ɗan ɗigon da bai kai girman farcen ƙaramin yatsa ba. Ni kuwa ina ɗokin ganin sauyi, na riƙa shafawa kullum, har ina ƙarawa. Kafin sati na biyu ya ƙare gefen bakina ya fara saɓa, fatar ta ɗame kamar an ja ta, ko ruwa na watsa sai raɗaɗi. A sati na uku wasu ƙananan kuraje suka feso a kumatu, inda da babu komai. Na tsaya gaban madubi da safe, na ga ɓawo fari-fari a kan haɓata, na yi kuka. Ranar na yi niyyar jefar da shi.

Da na kira likitar sai ta ce, "Ki rage, kada ki daina. Waɗanda kike gani da ma suna ciki." Na huta kwana huɗu, na koma dare uku a sati. Na daina dirza fuska, na koma sabulu mai laushi, ina jira ta bushe sarai, in fara shafa man da ke riƙe danshin fata, sannan maganin ya biyo. Da safe kuma man kare rana mai lamba 30, don adapalene yana sa fata ta kasa jure rana, rana kuma ita ke ƙara wa tabo duhu. Daga baya ta haɗa mini da benzoyl peroxide 2.5% da safe, mai kashe ƙwayar cutar. Shi dai a kula, yana koɗe tufafi. Tawul ɗina shuɗi ya yi dabbare-dabbare.

Sai a sati na takwas na lura, ba a madubi ba, a tafin hannuna. Ina wanke fuska na ji goshina sumul, 'yan gudajin nan da na saba ji sun ɓace. A sati na 12 al'adata ta zo da ƙurji ɗaya tak, shi ma bai yi zurfi ba, ya mutu cikin kwana huɗu ban matse shi ba.

Tabon bai tafi duka ba. Sababbin sun yi haske sosai, tsofaffin suna nan suna dishewa a hankali, ramuka biyu da ke kumatuna na dama kuwa ko gezau. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗaukar ciki, kada ta taɓa adapalene. Wanda kuma kurajensa manya ne masu taurin nan da ke barin rami, ya je wurin likita tun da wuri, wataƙila sai an haɗa masa da maganin sha.

Ni dai ina ci gaba da shi, yanzu dare biyar a sati, kuma wata mai zuwa zan koma mu yi maganar ramukan nan biyu.