Yaya, Dakata da Sayen Garmahon Nan Tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Ya kuma zafin Sakkwato? Mu nan Manchester yau kwana tara ke nan rabonmu da ganin rana da idonmu.

Saƙonka na murya ya same ni a cikin bas ina hanyar aiki, sai da na danne dariya don kada Turawa su ɗauka na taɓu. Wato daga buɗe adakar marigayi Baba ka ci karo da faya-fayan garmaho goma sha bakwai, shi ke nan sai ƙanenka na Ingila ya aiko da garmaho sabo fil, da amfilifaya, da lasifika, a kafa a falo. To, na yi maka yawon shaguna har Asabar uku a jere, ga abin da na gani.

Gaskiyarka, garmaho ya dawo. Abin da muka ɗauka an binne tun muna firamare, shi ne yanzu yaran Turawa ke rububi. A Amurka, a shekarar 2022, yawan faifan garmahon da aka sayar ya zarce na CD, abin da ba a gani ba tun 1987. A nan garin akwai wani titi, Oldham Street, inda shagunan faifai suke kusa da juna, kuma akwai wata Asabar a watan Afrilu da aka keɓe wa masu irin waɗannan shaguna, za ka ga layi tun kafin gari ya waye kamar layin mai. Amma sabon faifai guda ɗaya yana kaiwa fam 25 zuwa 35. Garmaho mai ɗan mutunci, irin ƙaramin na kamfanin Rega da ake ƙerawa a nan Ingila, wajen fam 300 ne, ba a zo maganar amfilifaya ba. Ka buga wannan da canjin yau ka gani, in ba ka nemi kujera ka zauna ba ka kira ni.

Yadda suke sayar da kayan ne ya fi burge ni. Ka tuna ranar da muka je Sabuwar Kasuwa sayen rediyon bikin ƙanwarmu, mai shago ya murɗe ƙara har gilashin kantarsa na rawa, yana ta ce mana, "Kun ji bugu? Kun ji bugu?" Nan ba haka ba ne. Sai da na yi waya suka ba ni lokaci. Da na je aka shigar da ni wani ɗaki mai kafet da labule mai kauri, aka zaunar da ni a kujera ɗaya tilo da ke tsakiya, aka tambaye ni ko zan sha shayi. Wani dattijo mai furfura ya riƙa cire waya yana sauya lasifika, kiɗa ɗaya muke maimaitawa, ni dai nawa saurare. Minti arba'in na yi, na tashi ban sayi ko allura ba, ya raka ni bakin ƙofa yana godiya. Kuma doka tana bayan mai saye: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ko da lafiyarsa ƙalau, wanda kuwa ya zo da matsala kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cas. Mu kuwa ka san ƙa'idar, da kaya sun tsallake bakin shago sun zama naka, sai dai haƙuri.

Sai dai akwai inda muka fi su, nesa ba kusa ba, wato gyara. Na sayi wata tsohuwar amfilifaya a hannun wani, sati biyu ɓangaren hagu ya yi shiru. Na kai wani shagon gyara, kafin su kwance ko noti ɗaya suka ce in ajiye fam 45 kuɗin dubawa, in dawo bayan mako biyar. Da na dawo suka ce gyaran ya fi kuɗin da na saye ta, gara in jefar. Wallahi a ranar na yi kewar tsohon nan mai gyaran rediyo na bakin layinmu a Mabera, wanda zai kara kunne jikin akwati ya ce, "Mi as same ta? Aje ta nan, ka dawo bayan la'asar." Kuma in ka dawo ka tarar tana magana.

Abin da na koya a ɗakin dattijon nan shi ne, kuɗi a lasifika suke aiki. Da ya sauya lasifika, nan take na ji bambanci, kamar an ɗage labule tsakanina da makaɗan. Da ya sauya tsakanin CD da kiɗan intanet mai cikakken inganci, na rufe ido na buɗe, na kasa rantsuwa wanne ne wanne. Garmaho kam an ji shi daban, muryar ta fi kauri da taushi, da ɗan ƙas-ƙas ɗin nan da ke tuna mini da zauren Baba. Daɗi yana da daɗi. Amma daɗin da ke da sharuɗɗa ne, kuma kusan duk sharuɗɗan Sakkwato ta saɓa musu.

Na farko zafi. Faifan nan roba ce. Ban taɓa gaya maka ba don kunya, amma zuwana na ƙarshe na zo da guda ɗaya a jaka zan nuna maka, na manta shi a kujerar bayan mota muka shiga gaisuwa a Kanwuri. Watan Afrilu ne, ka san yadda rana ke wuce digiri 40 ba ta ko waiwaye. Da muka fito ya lanƙwashe ya koma kamar malfar Bafillace, ko tuwo ba zai rufu da shi ba. Na tura shi ƙarƙashin kujera na yi shiru. Na biyu ƙura. Allura tana bin wani siririn layi ne da aka sassaƙa a jikin faifan, rawar da take yi a cikin layin nan ita ce sautin. Duk ƙwayar ƙurar da ta faɗa ciki sai ka ji ta, tas! Lokacin hunturu kuwa iska ta bushe, robar tana jan ƙura da kanta kamar yadda mataji ke jan takarda in ka goga shi a kai. Ita kanta allurar tana cinyewa, bayan awa ɗari biyar zuwa dubu sai an sake ta, kuma da wuya ka same ta a can gida. Akwai kuma ɗan bel na roba da ke juya farantin, zafi yana sa shi ya saki, kiɗa ya riƙa jan ƙafa.

Kafin ma a kai nan, ka duba mini faya-fayan Baba da kyau. Iri uku ne ake da su. Akwai manya masu juyi 33 da sulusi a minti, kowane gefe kamar minti ashirin. Akwai ƙanana masu juyi 45. Akwai kuma na da can, masu juyi 78, masu nauyi, waɗanda ba sa lanƙwasa sai dai su fashe kamar tangaran. In irin na ƙarshen nan ne, sababbin garmaho da yawa ba sa juya su, kuma allurarsu daban ce mai kauri. Ka ga da na aiko a makance da an yi asarar kuɗin tara.

Maganar wuta kuma, a nan mun yi sa'a. Wutar Ingila da tamu ɗaya ce, bolt 230, har bakin soket ɗin mai ƙafa uku iri ɗaya ne, don haka kayan nan suna aiki a gida ba tare da wata dabara ba. Amma na ji kana cewa abokinka na Amurka zai iya samo maka da araha. Kada ka yarda. Tasu bolt 120 ce, bugunta 60 a daƙiƙa, tamu 50. Ko ka sa taransifoma, garmahon da injinsa ke bin bugun wuta zai riƙa juyi a hankali, mai kotso ya koma kamar bai karya kumallo ba. Kuma duk abin da zan aiko, kada a haɗa shi kai tsaye da janareto. A bi da shi ta inbatar solarka, ko aƙalla ta sitabilaiza.

CD ne abin tausayi a ƙasar nan. Abin da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 ana ta kambama shi, yau yana zube a shagunan sadaka, irin su Oxfam, inda mutane ke kai kayan da suka gaji da su. Na sayi uku a fam ɗaya. Kuma na asali ne, bugun kamfani, ba irin wanda ake ƙona mana a kwamfuta a cusa waƙa ɗari biyu a ciki har murya ta koma kamar ta cikin gwangwani ba. Yana ɗaukar kusan minti 80, babu allurar da ke taɓa shi, haske ne ke karanta shi, ya fi garmaho jure wahala. Ƙura dai tana rufe idon na'urar, sai a riƙa lulluɓe ta da ƙyalle. Ni abin da nake yi, ina kwafe su a kwamfuta ba tare da an matse sautin ba, in zuba a memori.

Kiɗan intanet ba sai na yi maka dogon bayani ba, yaranka sun fi ni sani. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, ga Boomplay da Audiomack da suka riga shi shiga wayoyin mutane. Kuɗin wata a wurinku bai kai rubu'in abin da nake biya a nan ba, a wannan kun more mu. Inda kuke biya shi ne data: in ka sa shi a mafi ingancin da aka saba, awa ɗaya tana lashe kusan megabait 140, ga netwok da ke ɗaukewa daidai inda waƙa ta fara daɗi. Kuma haya ce. Ranar da ka daina biya, ko mai waƙa ya janye kayansa, sun tafi.

Abin da ya fi ci mini rai da shi ma ba wannan ba ne. Wani dare kewar gida ta taso mini, na zauna ina neman kiɗan fada irin namu, na taushi da kotso, da na 'yan dambe, da na noma. Na Turawa miliyoyi, har wanda aka ɗauka kafin a haifi Baba, an wanke shi tas. Namu kuwa 'yan tsiraru, mafi yawa an kwafo daga kaset ɗin da aka kwafo daga wani kaset, suna a rubuce ba daidai ba, rabin waƙa a yanke. Masu tura waƙa a memori a bakin kasuwa sun fi waɗannan manyan kamfanoni tarin kayanmu. Wani abin mamaki, a shagon Oldham Street na ga waƙoƙin finafinan Hausa an buga su a faifan garmaho, wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar. Na tsaya riƙe da shi na rasa dariya zan yi ko me.

Wannan ya kawo ni kan abin da ka ambata a ƙarshen saƙonka kamar ba komai ba, wai akwai kuma kwalin kaset a ƙasan adakar, za ka ba yara su yi wasa. Yaya, don girman Allah kada ka bari ko ɗaya ya fita daga ɗakin nan. Faya-fayan garmahon bugun kamfani ne, wataƙila wani yana da irinsu a wani wuri. Kaset ɗin nan kuwa Baba ne ya ɗauka da hannunsa, wasu daga Rima Rediyo, wasu a wurin biki da rikodarsa mai batir shida. Na tuna ɗaya mai jan rubutu da aka ɗauka ranar sunanka, ana jin muryar Kaka tana guɗa tana cewa a matsa wa makaɗa wuri. Zaren kaset yana manne wa juna in ya daɗe a zafi, sautin yana dushewa a hankali, ba ya jiran kowa.

Ga abin da na haɗa, zai taho cikin kayan wani ɗan'uwa da ke zuwa Kano bayan Sallah: lasifika biyu matsakaita, ƙaramar amfilifaya mai bulutut wadda ba ta cin wuta, na'urar CD ta hannu da faya-fayai arba'in, sai dek ɗin kaset da na sa aka sake masa bel, da 'yar na'urar da za ta haɗa shi da kwamfutar babban ɗanka. Shi zan koya wa ta waya yadda zai kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya sa kowane kaset, ya zura biro ya juya zaren a hankali ya ga ko ya kama. Lasifikan kuma kada a tura su cikin kusurwa ko a ɗora su a ƙasa, a ɗaga su daidai kunnen wanda ke zaune, a ɗan janye su daga bango.

Faya-fayan Baba ka jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka ɗora wani kan wani, ka sa su a ƙuryar ɗakin Inna inda rana ba ta kaiwa. Kada a goge su da tsumma, kada a wanke da omo. Ka ɗauki hoton takardar tsakiyar kowanne, gaba da baya, ka turo mini. In na ga irinsu sai mu san ko garmahon za a nemo, ko kuwa ni zan taho da su nan a kwafe.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganin gwiwar yana cikin kwalin lasifika, kada a jefar da kwalin ba a duba ba.

Ƙanenka.