Kanta, Kabad da Daɓe: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya Kuɗin Gyaran Kicin

Abubuwa uku ne suka fi cin kuɗin mai gyaran kicin, kuma su ne za su daɗe a gaban idonsa: kantar da ake aiki a bisanta, da kabad na sama da na ƙasa, da daɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saye su a rarrabe, wato a ɗauki tayil yau domin ya yi kyau a shago, bayan wata guda a kira kafinta, sai an gama sannan a shiga neman dutsen kanta. A ƙarshe kowanne yana da kyau idan aka dube shi shi kaɗai, amma zamansu tare bai yi ba, ga shi kuɗi sun riga sun fita. Shawarata ita ce kada a biya ko ɗaya daga cikinsu sai an tsayar da magana a kan dukansu, kuma a fara tunani daga kanta, domin launin dutse ƙayyadadde ne, alhali fentin kabad da tayil ana samunsu iri-iri.

Dutsen giranit shi ne wanda na fi amincewa da shi a kicin ɗin da ake girki kullum. Taurinsa yana tsakanin 6 da 7 a ma'aunin Mohs (ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10), ya fi ƙarfen wuƙar kicin tauri, saboda haka wuƙa ba ta cika yi masa ƙarce ba, kuma yana jure zafin tukunya fiye da yawancin abokan takararsa. Rauninsa ɗaya ne: dutse ne na halitta mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, musamman mai launi fari-fari, don haka mai yana iya shiga ya bar tabo idan ba a shafa masa maganin toshe ƙofofin ba. Gwajin ba shi da wuya. A zuba ruwa cokali ɗaya a kan guntun dutsen, a bar shi kamar minti goma sha biyar, a goge. Idan wurin ya yi duhu, dutsen yana shan ruwa, zai buƙaci shafe lokaci zuwa lokaci. Sai kuma nauyi, wanda mutane da yawa ba sa sawa a lissafi. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai wajen kilo 80 a kowace murabba'in mita, kuma kabad ɗin ƙasa ne zai ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru.

Marmara ta fi giranit ɗaukar ido, wannan babu musu, amma taurinta kusan 3 ne kawai, kuma duk abu mai tsami yana cin ta. Ɗigon ruwan lemon tsami da aka bari ya jima zai bar wuri dusu-dusu a tsakiyar sheƙin, kuma maganin toshe ƙofofi ba ya hana wannan, domin ba tabo ba ne, fuskar dutsen ce ta zaizaye. Wanda zuciyarsa ta kwanta da marmara, gara ya sa ta a bango ko a wani gefe da ba a yanka a kai.

Akwai kuma dutsen haɗi da ake kira kwaz, wanda ake yi da garin dutse kimanin kashi 90 cikin 100 a haɗa da danƙon roba. Ba ya shan ruwa, ba ya buƙatar shafe, kuma launin da aka gani a samfuri shi za a kawo, abin da ba a samu a dutsen halitta. Sai dai danƙon nan ba ya shiri da zafi: tukunyar da aka sauke daga wuta aka ɗora kai tsaye tana iya barin zoben ƙuna wanda ba ya fita, hasken rana mai yawa kuma yana sauya masa launi. Wani abu da bai kamata mai saye ya kawar da kai a kansa ba shi ne lafiyar masu yanka shi. Ƙurar da ke tashi lokacin yanka tana jawo ciwon huhu mai tsanani, har ta kai ƙasar Ostareliya ta haramta aiki da irin wannan dutse daga ranar 1 ga Yuli, 2024. Kantar da aka gama aka kafa ba ta da wannan haɗari ga mutanen gida, amma haƙƙin mai saye ne ya nemi a yi yankan da ruwa a wurin sana'a, kada a yi shi a bushe a cikin gida.

Ga wanda kuɗinsa bai kai dutse ba, kantar Formica, wato siririn allon roba da ake mannawa a kan katako, ba abin kunya ba ce. Ba ta da nauyi, kuma tana da sauƙin gogewa. Inda take mutuwa shi ne bakin sinki da wuraren haɗi, domin da zarar ruwa ya sami hanyar shiga katakon da ke ƙarƙashi, kumburi ya fara. Ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman mai lamba 304, ya fi kowanne tsafta da jure zafi, amma yana nuna ƙarce da sawun yatsu. Kantar tayil kuwa, layukan simintin da ke tsakani su ne matattarar maiƙo.

A batun kabad, ido yana tafiya ga ƙofa, alhali ingancin yana cikin gangar jiki. Wanda ke son ya gane haka, ya buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki a tsohon kicin ya duba: sau da yawa zai tarar da gindin ya kumbura, leda ta ɗaga, katakon yana marmashewa a hannu, duk saboda ɗigon famfo da ba a lura da shi ba. Haka allon da aka matsa da ɓarɓashin katako yake yi idan ya sha laima, kuma ba ya komawa yadda yake. Allon MDF, wanda ake matsawa da garin katako mai laushi, ya fi shi laushin fuska kuma yana karɓar fenti sosai, shi ya sa ya dace da ƙofofi, amma shi ma ruwa yana kumbura shi, ga shi ba ya riƙe kusa a gefensa idan aka cire aka mayar. Filaiwud, wanda ake yi da siraran katako da aka jera a gicciye aka manne, ya fi su riƙe kusa da jure danshi. Idan kuɗi ba za su isa a yi duka da filaiwud ba, aƙalla a yi gangar kabad ɗin sinki da waɗanda za su ɗauki dutse da shi, mai kaurin milimita 18, a rufe duk gefunan da aka yanka, sannan a ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu kamar santimita 10 domin ruwan goge daɓe kada ya taɓa shi. Inda gara ko laima suka yi yawa, kabad na alminiyom ya cancanci a duba shi, ko da yake ba shi da kwarjinin katako. Kafin a amince da aikin kafinta, a ja durowa har ƙarshe a danna ta da hannu, a buɗe ƙofa a rufe sau da dama. Hinji da ƙarfen durowa su ne ke fara gajiya.

Daɓen kicin kuwa, kyau shi ne na ƙarshe a cikin abin da za a tambaya. Na farko shi ne santsi, domin wuri ne da ruwa da mai suke zuba, ga mutum riƙe da tukunya mai zafi. Tayil mai sheƙi kamar madubi ba na kicin ba ne, ko da ya burge a shago. Kamfanoni da dama suna rubuta ma'aunin santsi a jikin kwali daga R9 zuwa R13, lamba tana ƙaruwa santsi yana raguwa, kuma R10 ya wadatar a kicin na gida. Wanda ya wuce haka da yawa yana riƙe datti, gogewa ta yi wuya. Tayil na fosilin ya fi na yumɓu na yau da kullum ƙarfi, domin ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Daɓen roba ya fi sauƙi ga ƙafa da baya idan ana daɗewa a tsaye, kuma faranti yakan tsira idan ya faɗi, amma jan firij a kansa yana iya yaga shi. A launi, fari fat da baƙi wuluk duk suna tona ƙura da ɗigo, matsakaicin launi mai ɗan zane ya fi rufa asiri. A sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 daga cikin waɗanda aka gasa tare, domin tayil mai suna ɗaya da aka gasa a wani lokaci yakan bambanta a launi.

Idan aka zo haɗa su, abu ɗaya kawai za a bari ya ja ido. Giranit mai zane da yawa yana son kabad mai launi ɗaya da daɓe marar hayaniya. Idan kuma tayil ɗin ne mai ado, kanta ta zama marar ado. A kula kuma da abin da ke ƙarƙashin launi, domin akwai farin da ya karkata zuwa ruwan ƙwai, akwai wanda ya karkata zuwa shuɗi, kuma idan aka jera su, na farkon sai ya yi kamar ya tsufa. Wannan ba ya bayyana a hoton waya. Sai an kawo samfurin ukun cikin kicin ɗin, a shimfiɗa tayil a ƙasa, a jingina ƙofar kabad a tsaye, a ɗora guntun dutse a kwance a samanta, a duba da safe, da rana, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da za a yi amfani da shi, tunda ƙwai mai hasken 3000K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwai) yana ƙara wa komai ja-ja, mai 4000K kuwa yana barin launi kusa da yadda yake.

Jerin aikin ma yana shafar abin da za a saya. A gama bututun ruwa da wayoyin lantarki, a sa tayil har ƙarƙashin inda kabad zai zauna, sannan a kafa kabad a daidaita shi, tsayin kanta ya tsaya wajen santimita 90, zurfinta 60, a bar aƙalla mita ɗaya na wucewa a gabanta. Mai dutse ba zai yi awo ba sai bayan an kafa kabad, domin bango ba ya cika zama a miƙe, kuma dutsen da aka yanka ba ya ƙaruwa. A ranar awon, sinki da kan famfo da murhun da za a nutsa cikin kanta su kasance a wurin, domin da su za a fitar da girman ramukan, kuma a nemi mai dutsen ya nuna inda haɗin dutsen zai faɗa, a nisanta shi daga bakin sinki.