Wata huɗu ina tuƙa kwamfuta da goshi

Tun haɗarin motar da ya taɓa min ƙashin wuya hannuwana suka daina yi min aiki, ni da na shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane takardu a shago. Shi ya sa da ƙanena ya ce ya yi min odar wata na'ura da ake juya kibiyar kwamfuta da kai, ban wani sa rai ba. An sha kawo min abubuwa da sunan taimako, yawancinsu suna ƙarƙashin gado.

'Yar kyamara ce da ake ɗorawa a saman allon kwamfuta, sai wani ɗan ɗigon sitika mai ƙyalli, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a manna maka a goshi. Kyamarar tana fitar da irin hasken nan da ido ba ya gani, ɗigon ya mayar mata da shi, duk inda ka juya kai kibiya ta bi. Idan ka tsayar da ita a kan abu kamar daƙiƙa ɗaya, sai manhajar ta danna maka. Ranar farko na rubuta sallama da kaina, harafi bayan harafi, a madannan da ke fitowa a kan allo. Uwargida na tsaye a kaina, sai ta fita tsakar gida wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba.

Da a wancan makon na rubuta sharhi a kan na'urar, da tauraro biyar zan ba masu ita har da addu'a.

Sai aka zo kan ɗigon. Wanda ya ƙera shi bai san ana alwala sau biyar a rana ba, bai kuma san zafin watan Afrilu ba. Da an shafa min ruwa a fuska ya ɓare, da na yi zufa ya sulalo kan gira. Kafin sati uku wanda aka haɗo da su sun ƙare. Muka kira wanda ya sayar mana, ya ce shi ba ya kawo su daban, sai dai mu sake wata odar mu jira. Ƙanena ne ya je wurin masu kayan mota ya sayo sitikar nan mai ɗaukar ido da ake liƙa wa bayan tirela, ya yanka da almakashi ya manna min a gaban hula. Wallahi ta yi aiki tsaf, kuma abin da ya sayo zai kai mu baɗi.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ranar da na samu aikin kuɗi na farko. Wani tsohon kwastomana ya aiko da wasiƙa shafi biyu a buga masa. Na san don ya ƙarfafa min gwiwa ne, amma na karɓa da gaske. Tun bayan azahar nake kai, wuya ya yi tsami, saura layi uku. Sai ga ƙanwar uwargida ta shigo da mayafi mai duwatsu.

"Yaya, ina wuni? Ya jiki? Kai, wannan duhu haka!"

Kafin in ce uffan ta yaye labulen da ke bayana. Ranar la'asar ta faɗo kai tsaye cikin idon kyamara, ga duwatsun mayafi suna walwali, kibiya ta fara tsalle kamar an taka wutsiyar mage. Na juya in ce ta saki labulen, kibiyar ta je ta zauna a kan alamar rufewa. Kwamfuta ta tambaya ko a adana, ni kuma ina ta fizgar kai ina neman kibiyar, ta sauka a kan a'a. Ina kallo da idona, ba hannun da zan kai.

"Ke, matsa daga nan!"

Yarinyar da ta biya kuɗin mota ta zo gaishe ni, ita na daka wa tsawa. Har yau ina jin kunyar abin. Daga baya muka gano akwai wurin da ake dakatar da dannawar idan za a yi magana da wani, kuma takardar da ke cikin kwalin ta yi gargaɗi a kan hasken rana, da ƙananan haruffa can wajen ƙarshe. Laifina ne da ban riƙa adanawa ba, na yarda. Amma mai sayar wa marar hannu irin wannan kaya, me zai hana ya faɗa da baki?

Haushin ne ya sa na bi tarihin abin, sai na tarar ba sabo ba ne. A 1985, shekara ɗaya bayan fitowar kwamfutar Macintosh, kamfanin Personics a Amurka ya fitar da View Control System. Shi a kai ake sa shi kamar abin jin sauti, akwati a saman kwamfuta yana aika sautin da kunne ba ya ji, na kan yana karɓa. Abin dariya, masu lafiyar hannu aka yi wa shi, don kada mai buga rubutu ya riƙa ɗaga hannu yana neman linzamin kwamfuta. Daga baya ya zama HeadMaster, aka sa masa bututun da ake hurawa a danna, ya koma hannun irinmu. Wannan bututun ya tsaya min a rai, don da shi sai na ga dama za a danna.

Tauraro uku na ba na'urar tawa. Bayan awa guda wuyana yana neman hutu, kuma saurin da nake yi ko yaron da na koya wa aiki a shago zai yi min dariya. Wasiƙar dai na sake buga ta washegari da hantsi, labule a sauke, ƙofa a rufe, kwastoman ya turo kuɗinsa.